Muhawara: Bututun zafi da sanyi na gari ɗaya zai iya raba birane da kwal da iskar gas kuwa?

Bazazzagi_a_Jamus

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda ke zaune a ƙasashen sanyi da kuma masu ilimin makamashi a cikinmu. Tun ranar 1 ga Janairun 2024 wata doka ta fara aiki a nan Jamus wadda ta wajabta wa kowane gari ya tsara yadda zai riƙa ɗumama gidajensa nan gaba. Biranen da mutanensu suka haura 100,000 an ba su zuwa ƙarshen Yunin 2026, ƙananan garuruwa kuma zuwa ƙarshen Yunin 2028. Mai gidan da muke haya ya sanar da mu cewa zai cire tukunyar gas da ke ɗakin ƙasa, ya jona ginin da bututun ruwan zafi na gari, wai don a rage hayaƙi. Da na bincika, sai na tarar cewa tashar da ke dafa wannan ruwa ita ma iskar gas take ƙonawa. To, idan gas ake ƙonawa a ƙarƙashin gidana, aka koma ƙona shi a bayan gari, mene ne ya canja? Ni dai a ganina an ɗauke hayaƙin ne daga gaban idona kawai, an kuma ɗaure ni da kamfani ɗaya.

Injiniyan_Famfo

Wa alaikumus salam, Malam Bazazzagi. Ina aiki a wannan fanni a Danmak, kuma tambayarka tana kan hanya, sai dai akwai abin da ya kamata a duba. Tsarin bai wuce bututu biyu ba, an naɗe su da abin hana zafi fita, an binne su a ƙarƙashin titi: ɗaya yana kawo ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80, ɗayan yana mayar da shi tasha bayan ya huce zuwa wajen digiri 40. A cikin gininku za a sa ƙaramin akwatin musayar zafi da mita, ruwan gari ba ya ma haɗuwa da ruwan da ke zagayawa a ɗakunanku. Shi bututun babu ruwansa da abin da ya dafa ruwan. Yau gas ne, gobe zai iya zama zafin ƙarƙashin ƙasa, ko zafin da masana'anta ke zubarwa, ko wutar iska. Idan gari yana da tukwanen gas dubu hamsin a gidaje dubu hamsin, sai an shawo kan masu gida dubu hamsin kafin a bar gas, kowanne da aljihunsa da ra'ayinsa. Idan kuwa duk suna kan bututu ɗaya, tasha ɗaya ko biyu za a sauya.

Ga misali na kusa. Garin Esbjerg da ke bakin teku ya daɗe yana samun zafinsa daga tashar kwal. A 2024 aka rufe tashar, aka maye gurbinta da babban injin zuƙo zafi daga ruwan teku mai ƙarfin megawat 70, tare da tukunyar katako da tukunyar lantarki don ranakun da sanyi ya tsananta. Mazauna garin ba su canja ko ƙusa ɗaya a gidajensu ba.

Hajiyar_Malmo

Injiniya, ka yi mini bayani don Allah. Tekun nan da ko yatsa ba a iya tsomawa a cikinsa a watan Janairu, wane zafi ne a cikinsa da za a ɗumama gari da shi?

Injiniyan_Famfo

Hajiya, ki taɓa bayan firjin da ke kicin ɗinki, za ki ji shi da ɗumi, alhali cikinsa da sanyi. Firjin yana kwashe ɗan zafin da ke cikin abinci ne ya fitar da shi waje. Wannan injin haka yake aiki, sai dai tekun ne a matsayin cikin firjin, bututun gari kuma a matsayin bayansa. Ruwa mai digiri 5 har yanzu yana da zafi a cikinsa. Idan aka rage masa digiri biyu ko uku a kan ruwa mai yawan gaske, abin da aka tara yana da yawa, sai injin ya matsa shi har ya kai zafin da ake bukata. Ribar ita ce, da ma'auni ɗaya na lantarki ana samun kimanin ma'auni uku na zafi. A Suwidin da kike ma an daɗe da yin haka: tun 1986 tashar Hammarby da ke Stockholm take zuƙo zafi daga ruwan ƙazantar birni bayan an tace shi.

Mai_Lissafi

Ina girmama bayanin Injiniya, amma kada mu ɗauki abin da ya faru a gari ɗaya mu auna duniya da shi. A ƙididdigar Hukumar Makamashi ta Duniya, kusan kashi 90 cikin 100 na zafin da ake rabawa ta irin waɗannan bututu a duniya har yanzu daga kwal da gas da mai yake fitowa, domin manyan tsare-tsaren suna Sin da Rasha ne. A arewacin Sin kwal ne kan gaba, a Rasha kuma gas. Saboda haka samun bututu a ƙasa bai nuna cewa an tsabtace komai ba, kuma Malam Bazazzagi yana da gaskiya da ya tambayi abin da ake ƙonawa a ɗaya bakin bututun.

Ko Danmak ɗin da ake yabo, ya kamata a faɗi yadda ta bar kwal. Manyan tashoshin da ke kewayen Kopenhagen, irin su Avedøre da Amager, komawa suka yi ƙona katako, kuma kaso mai yawa na katakon shigo da shi ake yi ta jirgin ruwa daga ƙasashe irin su Estoniya da Latbiya. A takarda ana lissafa shi a matsayin makamashi mai sabuntuwa, da hujjar cewa itacen zai sake tsirowa. Amma hayaƙin yau yake fita, itacen kuwa sai ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya mayar da abin da aka fitar. Mu da muka ga yadda itacen girki da gawayi suka cinye dazuzzukanmu bai kamata a ce mana ƙona itace tsabta ce mu yi shiru ba.

Ɗan_Aarhus

Mai_Lissafi, maganarka a kan katako gaskiya ce, kuma su kansu 'yan ƙasar suna wannan gardama a majalisa da jaridu. Amma ni abin da nake so in jawo hankalinmu a kai shi ne yadda aka yi kusan kashi biyu cikin uku na gidajen Danmak suka hau wannan tsari tun farko, domin ba son muhalli ne ya fara kai su ba. A 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka rage fitar da mai, Danmak tana dogaro da man da ake shigowa da shi a kusan dukkan makamashinta, har sai da aka hana tuƙa mota ranar Lahadi. Wannan wahalar ce ta haifar da dokar samar da zafi ta 1979, wadda ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin raba garuruwansu: nan bututun zafi, can gas. An ba su har da ikon tilasta wa gidaje jonawa, ikon da aka janye a kan sababbin ayyuka a 2019.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi injuna muhimmanci, shi ne ƙa'idar kuɗi. A nan doka ta ce kamfanin zafi ba zai caji fiye da abin da ya kashe ba. Mafi yawan kamfanonin, ko dai na ƙaramar hukuma ne, ko kuma ƙungiyar haɗin gwiwa ce ta masu amfani da shi. A ƙananan garuruwa ana kiran taron shekara a zauren makaranta ko na wasanni, a karanta lissafi, a zaɓi shugabanni, wani dattijo ya miƙe ya tambayi dalilin da ya sa aka ƙara kuɗi. Na halarci irin wannan taro, kuma abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne gardama a kan ko a ci bashin shekara ashirin da wani abu a sayi injin zuƙo zafi, ko a ci gaba da tsohuwar tukunya. Mutanen da suka kaɗa ƙuri'ar su ne za su biya bashin a cikin takardar kuɗinsu ta wata-wata.

Uwar_Biyu_DE

To, ku kun dace. Mu a nan Jamus labarin ya sha bamban, kuma ina goyon bayan tsoron Malam Bazazzagi. Gininmu yana kan bututun gari tun kafin mu tare. Bayan rikicin gas na 2022, sai ga takardar cikon kuɗi ta shekara ta zo da adadin da ya kusa kai kuɗin hayar wata biyu. Na je ofishin masu kula da ginin da takardar a hannu, ma'aikaciyar ta buɗe mini wani shafi mai cike da haruffa da alamomin lissafi, ta ce da wannan ƙa'idar ake fitar da farashi, kuma an ɗaure ta da farashin gas a kasuwa. Na ce to zan canja kamfani, kamar yadda muke yi da lantarki. Ta ce babu wani kamfanin, bututu ɗaya ne a titin. Mai tukunyar gas yana iya neman mai sayarwa mafi sauƙi, mu kuwa babu inda za mu. Ba ni kaɗai ba ce, domin a ƙarshen 2023 hukumar hana danniya a kasuwa ta tarayya ta buɗe bincike a kan yadda wasu kamfanonin zafi suka ƙara farashi.

Ɗan_Aarhus

Hajiya Uwar_Biyu, Allah ya kyauta. Abin da kika faɗa shi ne ainihin abin da nake nufi. Bututun zafi ba ya karɓar gasa, domin babu wanda zai tona titi sau biyu, don haka dole ko dai masu amfani su mallake shi, ko hukuma ta sa ido sosai a kan farashinsa. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa birnin Balin ya sayi tsarin zafinsa daga hannun kamfanin Vattenfall a 2024 ya mayar da shi mallakar gwamnatin birni.

Alhaji_Kantin_Kwari

Ina biye da ku daga Kano, kuma ku gafarce ni, mu zafin kyauta muke samunsa, har ya yi mana yawa. Taken da aka sa ya ambaci sanyi, amma har yanzu ban ji an taɓo shi ba. Duk wanda Allah ya nufa ya je Makka ya san sanyin da ke cikin Harami a tsakiyar rana, kuma bai ga na'urorin sanyaya ɗaki rataye a bango ba. An gaya mini cewa daga wata tasha ake turo sanyin. Shin wannan shi ne irin abin da kuke magana a kai? Idan shi ne, me zai hana a yi wa kasuwa irin tamu, inda kowane layi ke da janaretocinsa, hayaƙi da ƙara tun safe har magariba?

Bakatsine_a_Jidda

Shi ne, Alhaji. Masallacin Harami yana samun sanyinsa daga manyan tashoshi biyu, ta Shamiyya da ta Ajyad, na Madina kuma tasharsa tana da nisan kimanin kilomita 7 daga masallacin, ana turo ruwan ta bututu a ƙarƙashin ƙasa. Ruwan yakan fito da sanyin digiri 4 zuwa 6, ya ratsa na'urorin da ke hura iska a kansa, ya koma tasha da ɗan ɗumi a sake sanyaya shi. A Dubai da Abu Dabi da Doha unguwanni ne sukutum a kan wannan tsari, ta hannun kamfanoni irin su Empower da Tabreed da Qatar Cool.

Amma in mayar da mu kan tambayar farko: waɗannan tashoshi lantarki suke sha, kuma a yankin nan mafi yawan lantarkin daga gas da mai yake fitowa. Abin da aka samu shi ne ragi, domin babban inji ɗaya da ake kula da shi ya fi dubban ƙananan na'urori da rana ke duka a bango iya aiki, kuma ba dukkan gine-gine ne ke bukatar sanyi mafi yawa a lokaci guda ba, saboda haka jimillar injunan da ake girkawa takan ragu. Ragi kuwa daban, barin man fetur daban. Sai ranar da wutar da ke shiga tashar ta zama ta hasken rana ko makamancinsa sannan za a ce an sauya. Akwai kuma wani abin da masu haya a nan ke kuka da shi, wato kuɗin da ake biya na dindindin a kan girman sanyin da aka ware wa gida, ko mutum ya kunna ko ya yi tafiya ya kulle gidan wata uku. Kukan Hajiya Uwar_Biyu ne dai a wata riga.

Malama_Toronto

Akwai inda sanyin kansa ba inji ne ke yin sa ba. A nan Toronto tun 2004 ake jawo ruwa daga ƙasan Tafkin Ontario, daga zurfin mita 83, kimanin kilomita 5 daga gaɓa, inda ruwan ke zama a digiri 4 rani da damina. Ana karɓar sanyinsa a ba wa bututun da ke zagaya manyan gine-ginen tsakiyar birni, shi kuma ruwan tafkin ya wuce cikin ruwan sha na gari. Wutar da ake kashewa galibi ta famfunan turawa ce. Asibitin da nake zuwa yana cikin yankin, kuma ba za ka taɓa sanin daga tafki sanyin yake ba.

Ɗan_Damagaram

Malama, wannan baiwa ce ta wurin da kuke, kamar yadda Aislan ke ɗumama kusan gidaje tara cikin goma da ruwan zafin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasarta. Mu ba mu da tafki mai zurfin mita 83, kuma kogin Kwara a Yamai a watan Afrilu ɗumi gare shi, ga shi ya ja baya. Ko a Paris, inda ake sanyaya gine-gine irin su gidan tarihi na Louvre da taimakon kogin Seine, a lokacin sanyi ne kawai kogin ke ba da sanyi kai tsaye. Da bazara injuna ne ke aiki, kogin yana ɗauke musu zafi ne kawai.

Akwai kuma matsalar ruwa, wadda nake ganin ita ce babba a wurinmu. Manyan injunan sanyi sun fi aiki da kyau idan ana fitar da zafinsu ta hanyar tururin ruwa a hasumiya, kuma wannan yana shan ruwa mai yawa kullum. A garin da mata da yara ke bin 'yan garuwa da jarkoki, wa zai yarda a tura ruwa sama don a sanyaya ofis? A ƙasashen Larabawa wasu tashoshin suna amfani da ruwan ƙazanta da aka tace, mu kuwa yawancin garuruwanmu ba su da magudanar da ke tara shi wuri ɗaya, balle a tace. Za a iya amfani da injunan da iska ke sanyaya su, amma a ranar da zafi ya kai digiri 43 sun fi shan wuta, a daidai lokacin da aka fi bukatarsu.

Abin da muke da shi wanda Danmak ba ta da shi shi ne, lokacin da muka fi bukatar sanyi shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. Faifan sola zai iya tuƙa injin da rana, a kuma daskarar da ƙanƙara a cikin tanki don dare. Tan ɗaya na ƙanƙara yana riƙe da sanyin da ya kai kimanin kilowat-awa 93, kuma tankin ruwa bai kai batir tsada ba, ba ya kuma mutuwa bayan 'yan shekaru.

Mai_Lissafi

Lissafin ƙanƙarar daidai ne, amma Alhaji ya tambayi kasuwa ne, kuma a nan nake da shakka. Sanyin bututu yana bukatar gini rufaffe. Shagon da ƙofarsa ke buɗe tun safe, rufinsa kwano ne babu silin, duk sanyin da aka tura masa titi zai tafi. Abin da ɗan kasuwa ke kunna janareta dominsa yawanci fanka ce da fitila da cajin waya, kuma wannan wutar sola ta gama-gari ta isa, irin wadda aka fara sa wa shaguna a kasuwar Sabon Gari a ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Inda nake ganin bututun sanyi zai yi ma'ana a wurinmu shi ne wuraren da gine-gine ke kusa da juna kuma mai su ɗaya ne: asibitin koyarwa, sakatariyar gwamnati, filin jirgin sama, jami'a. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, to irin wannan harabar ce za a iya tunanin a haɗa wa tashar sanyi guda. Mai shi ɗaya, takardar kuɗi ɗaya, babu rigimar wane ne bai biya ba.

Alhaji_Kantin_Kwari

Na gamsu da batun shaguna, amma ba dukkan kasuwa ce atamfa ba. Masu magani da masu kifi da masu tumatir sanyi suke nema ido rufe, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A a Afrilun 2024, masu ɗakunan sanyi da yawa sun rage aiki. Idan za a tara su a layi ɗaya a ba su sanyi daga inji ɗaya, ni na san za su biya, domin yanzu ma suna biya, dizal ne ke cinye kuɗin. Sharaɗin kawai shi ne kada injin ya tsaya, domin ranar da ya tsaya kayan kowa ne zai lalace tare.

Bazazzagi_a_Jamus

Na gode muku duka. Bari in dawo da mu kan ginin da nake ciki, domin na ƙara samun bayani. Dokar ta tanadi cewa tsare-tsaren da ake da su yanzu su kai kashi 30 cikin 100 na zafi mai sabuntuwa ko zafin da ake zubarwa nan da 2030, kashi 80 nan da 2040, sannan a bar kwal da gas da mai gaba ɗaya nan da 2045. Wato abin da ake sayar mini yau alkawari ne. Kuma Injiniya, akwai abin da ban gane ba: ka ce digiri 70 zuwa 80, amma mai kula da gininmu ya ce bututun garinmu yakan haura digiri 100 a tsakiyar hunturu. Injin da ka kwatanta zai iya kai wannan?

Injiniyan_Famfo

Ka taɓo inda aikin yake da wuya, Malam. Tsofaffin tsare-tsare da yawa a Jamus da gabashin Turai an gina su ne a kan tashoshin kwal, inda zafi mai yawa ba ya da tsada, shi ya sa suke tura ruwa mai digiri 110 ko fiye a ƙarƙashin matsi. Injin zuƙo zafi zai iya kusantar wannan, wanda aka girka a Mannheim a 2023 a bakin kogin Rhine yana kai ruwa kusan digiri 100, amma duk lokacin da tazarar da ke tsakanin sanyin kogi da zafin bututu ta ƙaru, ribar injin tana raguwa, wutar da yake sha tana ƙaruwa. Haka zafin rana da zafin da cibiyoyin ajiyar bayanai ke fitarwa, duk sun fi amfani idan bututun bai cika zafi ba.

Saboda haka rabin aikin a cikin gidaje yake. Ginin da tagoginsa ke shigar da iska, bangonsa babu abin riƙe zafi, ƙarafan ɗumama ɗakinsa ƙanana ne, dole a ba shi ruwa mai tsananin zafi kafin mutanen ciki su ji ɗumi, kuma gini ɗaya irin wannan a ƙarshen layi yana iya tilasta wa tasha ta ɗaga zafin unguwa gaba ɗaya. Mu a nan har lada da tara ake sawa a kan zafin ruwan da gida ya mayar: wanda ya mayar da shi a huce sosai a rage masa kuɗi, wanda ya mayar da shi da zafi a ƙara masa. Na taɓa shiga wani ɗakin ƙasa na tarar da bawul ɗaya da ya maƙale a buɗe, ruwa yana shiga yana fita bai bar zafinsa ba, kuma mutanen ginin sun daɗe suna biyan tara ba su san dalili ba.

Malama_Toronto

Ina so in ƙara wani abu a kan alkawarin da Malam Bazazzagi ya ambata. A lardin Alberta na nan Kanada akwai wata unguwa mai gidaje 52, Drake Landing, da aka buɗe a 2007. Ana tara zafin rana da bazara a cikin ramukan da aka haƙa a ƙasa, a fito da shi da hunturu, har akwai shekarar da zafin rana ya ɗauki nauyin ɗumama gidajen gaba ɗaya, a wurin da sanyi ke kai digiri 30 ƙasa da sifiri. An yi ta kawo baƙi suna kallo. A 2024 aka fara rufe tsarin, domin kayan sun tsufa, gyaransu ya yi tsada, kuma gidaje 52 ba za su iya ɗaukar kuɗin ba. Fasahar ta yi aiki, abin da ya gaza shi ne tanadin wanda zai biya gyara bayan shekara goma sha biyar.

Ɗan_Aarhus

Wannan darasi ne mai kyau, Malama, amma ƙanƙantar unguwar ce ta kayar da ita. Ajiyar zafi tana son girma, domin babban rami ya fi ƙarami riƙe zafinsa. A garin Vojens an mayar da tsohon ramin tsakuwa tafkin ruwan zafi mai ɗaukar kimanin mita kubik 200,000, an rufe shi da murfi mai yawo a kan ruwa, kuma dubban gidaje ne ke raba kuɗinsa. A Silkeborg filin faifan dafa ruwa da rana ya haura murabba'in mita 156,000 tun 2016, yana ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na zafin garin a shekara. Sai dai in faɗi gaskiya, sababbin ayyuka yanzu sun fi karkata ga injunan zuƙo zafi da tukwanen lantarki da manyan tankuna, a dafa ruwa lokacin da iska ke kaɗawa wuta ta yi arha, a ajiye zuwa lokacin da ta yi tsada.

Gwani_Helsinki

Haka ake yi a nan ma. Helsinki, babban birnin Finlan, ta rufe tashar kwal ta Hanasaari a 2023, ta Salmisaari kuma a Afrilun 2025, tun kafin wa'adin 2029 da doka ta sa na daina ƙona kwal. Tulin kwal ɗin da ke bakin ruwa, wanda ake hangowa daga gada, ya tafi. Amma don kada Mai_Lissafi ya riga ni, eh, an ƙara ƙona katako a madadinsa, tare da injunan zuƙo zafi da tukwanen lantarki.

Mai_Lissafi

Gwani ya hutar da ni. Saura shara. Suwidin da Danmak suna samun zafi mai yawa daga ƙona shara, har sukan shigo da ita daga Birtaniya da wasu ƙasashe don tashoshin kada su zauna babu aiki, kuma robar da ke cikin sharar daga man fetur aka yi ta. Kopenhagen ta yi alkawarin zama birnin da ba ya ƙara hayaƙin kabon nan da 2025, amma a 2022 ta janye, bayan da shirin kama hayaƙin tashar ƙona shara ta Amager Bakke bai samu tallafin da ake sa rai ba. Wannan ya sa idan aka ce wa Malam Bazazzagi kashi 30 ko kashi 80, ya kamata ya tambaya me da me aka lissafa a ciki.

Uwar_Biyu_DE

Malam Bazazzagi, tun da mai gida ne ke da ikon yanke shawara, abin da ya rage maka shi ne ka nemi ganin takardun tun kafin a sa hannu. Ka tambayi tsawon shekarun yarjejeniyar, domin a nan sukan kai goma. Ka tambayi nawa ne kuɗin dindindin da nawa ne na abin da aka sha, kuma da farashin me aka ɗaure ƙa'idar ƙarin kuɗi. Idan kamfanin ya ce zai bar gas, amma ƙa'idar farashinsa tana nan ɗaure da gas, to za ku ci gaba da biyan kuɗin gas ko da ruwan kogi ake ɗumama ku. Ƙungiyar masu haya ta garinku za ta duba maka takardun idan kai mamba ne.

Ɗan_Damagaram

Injiniya, kafin zaren ya yi nisa, ina son lissafi ɗaya a kan maganar Alhaji. Idan aka ɗauki layi mai ɗakunan sanyi ashirin na kifi da magani, wanne ya fi sauƙi: tankin ƙanƙara ɗaya da bututu zuwa kowane ɗaki, ko gina babban ɗakin sanyi guda a raba shi gida-gida a ba da haya? Kifi daskararre yana bukatar sanyin da ya wuce na ƙanƙara, magani da tumatir kuwa ba sa bukata, saboda haka ina zargin ba za su hau bututu ɗaya ba.